Baƙon da Ba Ya Shan Shayi

Lyon, Janairu 1986

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki? Yaya Biba da yara? Ni lafiya lau nake. Sanyi ne kawai, shi ma na fara sabawa.

Na ji Kawu Sale ya aiko miki daga Paris cewa Nasara masu wa'azi suna shiga ɗakina. Gaskiya ne, amma ki kwantar da hankalinki, sallata tana nan yadda kika san ta.

Samari biyu ne 'yan Amirka, 'yan cocin Mormon. Wuni suke suna bin gida-gida, ana rufe musu ƙofa. Ranar da na buɗe musu, na dafa shayi, suka ƙi sha. Raina ya ɓaci, na ɗauka ƙyamar kofina suke yi. Ashe addininsu ne ya hana. Sai na dama kunu da garin geron da kika ba ni. Ƙaraminsu, Jensen, ya riƙe kwanon da hannu biyu. Can ya ce sau biyu a shekara ake barinsa ya ji muryar uwarsa a waya.

Inna, tun da na tare a unguwar nan, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata sai su.

Ki aiko mini da wani garin ta hannun Kawu, har da tsamiya. Yaron bai bar addininsa ba, ni ma ban bar nawa ba. Amma ɗan wata uwa ne, kuma ya rame. Da ke kika gan shi, sai kin ƙara masa.

Allah ya bar mana ke.

Ɗanki,
Hasumi