Na Ɓata Bindigar Aminina, Na Kasa Faɗa Masa

Zuwa ga Glenys,

Ki taimake ni da shawara, abin ya fi ƙarfina, kuma ni ba mutum ba ne da ya saba faɗin haka. A aji huɗu na bar sakandare. Da tsohuwar mota ɗaya na fara kafa wa manoma shingen waya, yau daga Bendigo har bakin kogin Murray babu mai tumakin da bai san aikina ba. Ban taɓa durƙusawa gaban wani ya koya min sana'a ba. Idona ya gani, hannuna ya yi.

Shekara uku ke nan ni da aminina Clarrie muna haɗa bindigar toka irin ta mutanen da, mai cin albarushi ta baki. Shi ya sassaƙa ƙotar, ni na yi aikin ƙarfe. A ƙungiyarmu ta maharba, bindigar da aka kwaikwaya ba ta hawa teburin gasar harbi da muke yi a bikin Ista sai an rubuta sunan maƙerinta da shekara a bayan bututun, don kada wani ya sayar da ita wata rana a matsayin ta asali. Kuma da hannu ake yi, da ɗan kurfi kamar ƙusa, ana tura shi da tafin hannu, ba guduma, ba inji.

A watan Nuwamba likita ya ce wa Clarrie ciwon daji ne, kada ya sa rai da wata Kirsimetin bayan wannan. Na riƙe hannunsa na yi masa alkawari: sunansa da nawa, da hannuna, kuma shi zai yi harbin farko.

Akwai wata dattijuwa a ƙungiyar, Noelene, ta yi shekara arba'in tana rubutu a jikin zobba da kofunan gasa. Ta ce in zo ta nuna min. Ni kuwa bakina ya ja min. A gaban jama'a, ana gasa nama, na ce wanda ya yi walda a kan gada ba zai koyi ƙarfe wurin mai zanen cokali ba, wata ɗaya ya ishe ni. Ba ta yi fushi ba, ta ce to, in sayi bandeji da yawa.

Wata uku ina fama a cikin rumfar kwano, zufa na shiga min ido. A kan tagulla layin tsaye yana fita, amma da na zo lanƙwasa sai kurfin ya kufce. Sau biyu ya shige min babban yatsa. Da na ga lokaci yana tafiya sai na ce a yi ta ta ƙare, na hau bututun gaske. Ban gama harafin farko ba ya zame, ya ja tabo mai tsawon ɗan yatsa.

Na naɗe shi a bargo na tura ƙarƙashin benci. Na ce wa Clarrie ana yi wa bututun rini. Sati uku ban taka gidansa ba, don ba zan iya kallon idonsa ba. Jiya ya bugo yana dariya da wannan muryar da ta shaƙe, wai ƙaton banza, ko na sayar da bindigar ne, shi fa ba shi da lokacin jiran malalaci.

Saura sati shida Ista. Wani shago a Melbourne ya ce zai goge tabon, inji ya rubuta sunayen cikin awa ɗaya. In kai, in ce ni na yi? Ban san wata hanya ba.

Mai Shinge

*

Mai Shinge,

Da farko, cire hannunka daga bututun nan. Na tambayi wani da ya san aikin. Ya ce tabo a shimfiɗaɗɗen wuri, in bai yi zurfi ba, gwani yana iya bin sa da magagari ya ɓace. Ya kuma ce daga bayaninka, ƙarfi kake sawa inda ba a son ƙarfi. A lanƙwasa ba kurfin ake juyawa ba, ƙarfen ake juyawa ya zo ya same shi, kuma bakin kurfin yana da nasa wasi da sai an nuna wa mutum. Wannan ba gazawarka ba ce. Mutane na yin shekaru a kai.

Na fahimci dalilin da ya sa injin ya ba ka sha'awa: kana son cika alkawari. Amma mutumin da ya yi shekara uku yana shafa bindigar nan, yatsa ɗaya zai ɗora ya gane. Zai yi shiru don ya rufa maka asiri, kai kuma ka zauna da wannan har ƙarshen rayuwarka.

Ka je wurin Noelene. A gaban jama'a ka yi maganar, don haka a gaban jama'a za ka janye ta. Tana iya ƙi, haƙƙinta ne. In ta yarda, bar ta ta rubuta sunan Clarrie, kai ka koyi abin da sati shida zai ba ka, ko da lambobin shekarar ne.

Amma kafin Noelene, Clarrie. Tabon ƙarfe yana gyaruwa, sati ukun da ka hana shi ganinka ba ya dawowa. Ɗauki bututun yadda yake ka kai masa gobe da safe. Zai zage ka, zai yi dariya, ka ƙyale shi ya more. Sannan ka tambayi iyalinsa gaskiyar jikinsa. In Ista ta yi masa nisa, ka roƙi ƙungiya ta shimfiɗa teburin tun yana iya ɗaga bindiga.

Allah ya sassauta masa, kai kuma ya ba ka ƙarfin ƙwanƙwasa ƙofofin nan biyu.

Glenys