Zuwa Ga Hajjo, Bafillatanar Da Ta Shigo Maiduguri Ana Fita

Zuwa ga aminiyata Hajiya Khadija, wadda duk Birnin Kebbi ke kira Hajjo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Alhaji da yara. Wushe, wushe, gaisuwarmu ta Barebari. Na san ko yau ba ki iya amsawa ba.

Kin tuna mafarin abin? Muna sakandare malamarmu ta zo da adireshin 'yan matan wata makaranta, ta ce kowa ta zaɓi ƙawar wasiƙa. Na zaɓe ki ne don garinku ya fi ko'ina nisa. Na rubuta da Hausar da nake ji a lokacin: ina gaishe ka, yaya gidanka. Babanki ya kusa yaga takardar, ya zaci saurayi ne. Amsarki layi biyu ce: kika ce ke dai mace ce, kuma Allah ya haɗa ki da baiwarki Babarbariya. Na mayar miki da cewa Bafillatana ba ta taɓa mallakar komai ba sai ƙwaryar nono. Daga ranar ba mu daina ba.

A takarda muka yi aure, a takarda muka haihu. Da maigidana Ba Modu ya rasu na karɓi rumfarsa a kasuwar kifi ta Baga Road, kika ce tun daga bakin gidan waya kike gane ambulan ɗina, don kuliyoyin unguwa na bin ki har gida. Da wayar hannu ta zo muka ajiye biro. Amma ido da ido, ko sau ɗaya.

Sai garinmu ya rikice, aka yanke layukan waya, kifin tafki ya daina zuwa. Ban san kina can kina kwana da rediyo a kunne ba. Wata rana wani direban babbar mota ya yi ta tambayar rumfar Yagana har ya same ni, ya miƙo takarda. Kin rubuta: "In kina raye ki aiko da amsa. In kin mutu ki aiko da kifi." Na yi dariya har hawaye, maƙwabcina Chinedu mai shagon robobi ya leƙo yana zaton wani abu ne ya faru.

Na aika da amsa, na ce lafiya lau. Ba ki yarda ba. Lokacin da mutane ke ɗaure kaya suna barin gari, ke kika shigo. Na tsaya a tasha ina neman siririyar yarinyar da ke cikin hoton da kika aiko min tun muna sakandare, ke kina neman mai kitson nan ta cikin nawa hoton. Muka wuce juna sau biyu. Sai da kika soma faɗa da mai keke a kan kwalin kilishinki na gane ki, don yadda kike rubutu haka kike masifa.

Kin tarar da gidana cike da dangi da suka gudo daga bakin tafki. Ba ki tambayi inda za ki kwana ba, kika ɗaure zani kika shiga madafa. Burabuskonki ya caɓe, yara suka ci don kunya.

Kin zo ne ki tafi da ni. Na ce mahaifiyata ta tsufa, ta rantse ba za ta bar garinmu Yerwa ba, ni kuma ba zan bar ta ba. Kika yi fushi kika daina min magana har la'asar. Sannan kika ce to in ba ki 'yata Fanna, tunda an rufe makarantarsu. Wallahi Hajjo, ban taɓa gaya miki ba, ƙirjina kamar zai tsage da motarku ta tashi. Na miƙa 'yata ga matar da na sani a takarda. Kika riƙe ta tare da naki, kika tsaya mata har ta gama karatun jinya, kika dawo min da ita tana cewa "awo" maimakon "e" kamar 'yar Kabi.

Yanzu gari ya ɗan lafa, kasuwa ta soma motsi, wuta ce dai babu. Na ji ciwon gwiwa ya hana ki doguwar tafiya, shi ya sa na ɗauko biro, don wannan labari ya fi ƙarfin waya. Fanna ta sauka lafiya, mace. Mijinta ya ce ta zaɓi suna, ba ta ko yi shawara da ni ba. Jiya aka raɗa: Khadija. Mahaifiyata ta ɗauke ta, ta dube ta da kyau, ta ce shi ke nan, Fulani sun ci Borno ba yaƙi.

Allah ya ba ki lafiya, ya saka miki da gidan Aljanna, ya raya takwararki a kan halinki. Allah ya zaunar da garinmu da naku lafiya, ya nufe ni da kawo miki ita har ɗakinki. Amin.

Taki har kullum,
Yagana, uwargijiyarki
Maiduguri