Ni da Fiziks, Litiana da Bubu

Litinin, 2 ga Oktoba

Yau ni kaɗai na hau bas zuwa makaranta. Direba ya ce, "Ina 'yar ragbin taku?" Ƙanwata yake nufi, mai buga ƙwallon ragbi. Na ce ba ta jin daɗi. Ƙarya da sassafe, ko shayi ban sha ba.

Jiya bayan coci babanmu Tata ya tara mu. Gwaggonmu Nei Akosita, wadda ke jinyar kakarmu Bubu tun da ɓarin jikinta ya shanye, ta koma garin Labasa, haihuwa ta zo mata. Mamarmu Nana ba za ta iya barin aikin otal ba, Tata kuma yana gona. Saura ni Kelera da ƙanwata Litiana. Tata ya ce, "Kelera na da jarrabawar fita, tallafin karatu na jiran ta. Ke Liti, aji sha ɗaya kike, babu abin da zai wuce ki. Ki zauna da kakarki har a gama."

Liti ta kalle ni. Ni na kalli tabarma. Da na ce a raba mana kwanakin, ƙila da an ji ni. Ban ce ba.

Alhamis, 5 ga wata

Masta Naidu, malaminmu na fiziks, ya raba mana tambayoyin shekarun baya, babin motsi da ƙarfi. Ya ce duk wanda ya fara lissafi bai zana hoto ba, ya sa kibiyoyi a kan kowane ƙarfi, to ya tafi ya sayar da abarba a bakin titi. "Kelera, ke ce fatana a ajin nan, kada ki kunyata gemuna." Ba shi ma da gemun.

Akwati a kan gangare. Nauyinsa na jan sa ƙasa, gogayya na riƙe shi. Har yanzu a lissafin kusurwa ina rikita inda sain ke shiga da inda kos ke shiga. Na yi wajen guda goma, rabi sun fita.

Da na dawo na tarar Liti na wanke zanin gadon Bubu a bakin famfo. Na ce in taya ta. Ta ce, "A'a, kada hannun fiziks ya jiƙe."

Asabar, 7 ga wata

Bubu ta fara kira na "Dokta". Bakinta a karkace, maganar ba ta fita sosai, amma zolaya ba ta shanye ba. Na faɗa mata injiniya nake son zama. Ta ce, "Duk ɗaya, ku masu cin cinyar kaza."

Gaskiya ne. Ni ake zuba wa naman. Liti rogo da romo.

Laraba, 11 ga wata

Na kama sirrin gangaren! Idan na kwantar da shi a raina har ya zama shimfiɗe, babu abin da zai sa akwatin ya zame, to ashe sain ne ke jan sa. Na yi ihu ni kaɗai a baranda. Na juya in nuna wa Liti, sai na ga tana goge wa Bubu baki. Na haɗiye murnata.

Lahadi, 15 ga wata

Nas ta ara mana keken marasa lafiya, amma matakalar gidanmu ba ta barin a fito da shi. Na zauna na lissafa tsawon katakon da za a shimfiɗa yadda mutum ɗaya zai iya turawa. Tata da kawunmu Momo Sakiusa suka haɗa shi jiya. Yau Bubu ta je coci, karon farko tun rashin lafiyarta. Ta sa farar rigarta, ta yi waƙa da rabin baki, mata sai kuka suke. Momo na ta nuna ni, "Lissafin 'yarmu ne."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ɗauka na rage wani abu.

A hanyar dawowa Liti na turawa, gumi ya jiƙa mata baya. Na ce, "Kin ga ya yi sauƙi ko?" Ta ce, "Ya yi. Gobe ma lissafin ne zai tura?"

Asabar, 21 ga wata

Dole in rubuta wannan.

Yau ake zaɓen 'yan matan da za su buga wa yankinmu ragbi, a garin Savusavu. Tata na gona, Nana na aiki. Liti ta zo ta tsaya a kaina, ta ce, "Kele, yamma ɗaya. Na yi mata wanka, ta ci, ta yi barci. Kunnenki kawai nake so." Na ce ta tafi. Har da ɗaga mata hannu, ina jin kaina wata mutuniyar kirki.

Na zauna a baranda da tambayar da ta fi ƙarfina tun Alhamis: akwati biyu ɗaure da igiya ɗaya, ɗaya a kan gangare, ɗaya na reto, a nemo ƙarfin da ke cikin igiyar. Ina tsakiya sai Bubu ta kira. Na ji ta. Na ce, "Ina zuwa, Bubu." Ta sake kira. Na ce ina zuwa. Layi ɗaya ya rage mini.

Sai na ji tim.

Bayan gida take so, ta yunƙura da kanta. Goshinta ya bugi bakin gado, jini har cikin ido. Na kwarma ihu, maƙwabta suka taru, aka kira nas ta yi ɗinki. Wuyan hannunta mai lafiyar ya kumbura, shi ne wanda take cin abinci da shi.

Liti ta dawo da laka har gwiwa, tana dariya tun daga bakin hanya. An ɗauke ta a ƙungiyar. Tata na tsaye a ƙofa. Ya ce, "An ba ki amanar uwata, kin tafi guje-guje?" Ya karɓe takalmanta, ya ce ita da ragbi har abada. Liti ba ta ambaci sunana ba. Kowa ya ɗauka ina can ina karatu ban san ta fita ba.

Ina tsaye a wurin. Bakina kamar an ɗinke shi tare da goshin Bubu.

Lahadi, 22 ga wata

Na duba bayan takardar. Amsata daidai ce. Na kife takardar.

Talata, 24 ga wata

Liti ba ta yi mini magana. Ba gaba ba ce irin ta da, mai harara da buga ƙofa. Takan ajiye mini abinci ta wuce.

Bubu kuwa, ina ba ta shayi a cokali, ta zuba mini ido ta ce, "Dokta, kin iso?" Na ce daga ina? Ta ce, "Ai kin ce kina zuwa." Sai ta yi dariya har shayin ya zubo. Ban san ko yafewa ce ko bulala ba.

A aji Masta Naidu ya fito da ni allo, tambayar dutsen da aka jefa daga kan tudu. Na manta ma gudun ana raba shi biyu, na gaba da na sama. Ya ce, "Kelera, jikinki ne ya zo, ke kina ina?"

Juma'a, 27 ga wata

Daga makaranta ban shiga gida ba, na haura gona. Tata na cire ciyawa a gindin gwaza. Na faɗa masa duka: ni na ce ta tafi, ni aka bar wa Bubu, na ji kiran sau biyu.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani. Kakarki ta faɗa mini tun ranar."

Na ce, to me ya sa aka hukunta Liti?

Ya ce, "Da ke na yi wa faɗa, da wane kai za ki shiga jarrabawa? Ita za ta warke. Ke in kin faɗi, mun faɗi gaba ɗaya. Je ki yi karatu."

Na sauko ina kuka. Na zo ne a yi mini faɗa, aka sake zuba mini naman.

Asabar, 28 ga wata

Na faɗa wa Liti abin da Tata ya ce. Tana kankare kwakwa, ba ta tsaya ba. Ta ce, "Sai yau kika sani? Ni tun ina aji uku na sani." Can kuma ta ce, "Ni fa na fara sabawa da gidan. Ƙila ma ba zan koma makaranta ba."

Wannan ya fi komai tsorata ni.

Litinin, 30 ga wata

An sallame mu mu yi bita a gida, sai dai Masta Naidu ya sa darasin safe ga masu so, kuma kowa ya san ni yake nufi. Ban je ba. Na goge rigar makarantar Liti na ajiye mata a kan gado. Ta ce, "Wannan fa?" Na ce bas ba ya jira. Muka yi ta ja, na ce in ba ta tafi ba to mu biyu za mu zauna muna kallon juna. Ta sa rigar tana ƙunƙuni.

Tata ya ce, "Wa ya ba ki wannan izinin?" Na ce babu kowa, Tata. Ban taɓa amsa masa haka ba. Ya daɗe yana kallona, ya ɗauki addarsa ya fita.

Ɗaga Bubu daga gado zuwa keke ba wasa ba ne. Bayana kamar zai tsinke. Wata guda yarinyar nan na yin wannan ita kaɗai.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Karatu a gefen gadon Bubu. Da na kama tambaya sai ta nemi ruwa, ko a juya ta, ko a kore mata ƙuda. Abin da nake yi a da, yanzu ko rabinsa ba na yi. Babin karo tsakanin motoci biyu ko buɗe shi ban yi ba. Masta Naidu ya aiko Liti da saƙo: "Ki gaya wa yayarki abarba na jiran ta."

Ina jin tsoro. Wani lokaci har haushin Bubu nake ji, sai kuma in ji kunyar haushin.

Laraba, 8 ga Nuwamba

An yi jarrabawar fiziks. Nana ta roƙi hutun yini ta zauna da Bubu.

Gangare ya fito, na yi shi. Jifa ta fito, na yi. Tambayar ƙarshe karon motoci ce, maki mai yawa. Na zana hoton, na sa kibiyoyi, na rubuta abin da na tuna, aka ce a ajiye biro. Ko zan kai makin tallafin, Allah ne masani.

A waje 'yan ajinmu sun taru suna gwada amsoshi. Da ni ce ta da, ina tsakiyarsu. Yau na tsinci kaina ina sauri in kama bas, don na tuna Nana ba ta san Bubu ta fi son a fara wanke mata ƙafa ba.

Ya kamata tambayar nan ta hana ni sukuni. Ina jira ta fara damuna, har yanzu dai shiru. Gajiya ce ƙila.

Da yamma ina zaune a baranda, Liti ta dawo daga makaranta, ta jefar da jaka, ta kwanta, ta ɗora ƙafafunta a kan cinyata. Nauyi gare su kamar turmi. Ta yi barci a haka. Ƙafata ta mutu, amma ban motsa ba.