Ɗigo Na Goma Sha Bakwai

Litinin, 3 ga Maris
Na zuba wa manhajar kwamfuta duk awon da muke da shi na haɗin jan ƙarfe da kuza. Aikinta ta ja layin da zai bi ta kan ɗigogin, ya nuna zafin da kowane haɗi ke fara narkewa. Arba'in sun yi sahu. Na goma sha bakwai ya ware abinsa, digiri talatin a ƙasa. Kuma daga tsohon littafin Baba ya fito, na zamanin da yake kula da tanderun ɗakin gwajin nan.

Laraba, 5 ga Maris
Farfesa ta ce, "Goge shi, kundinki ba zai wuce masu jarrabawa da karkataccen layi ba." Saura mako biyu. Na ce to. Ban goge ba.

Baba fa! Mutumin da ya sa na sake kwafe shafi guda saboda waƙafi ɗaya. Na girma ina jin haushin rashin kuskurensa, yau ga ni ina kare shi.

Alhamis, 6 ga Maris
Na ƙara wa lissafin gaɓoɓi don layin ya lanƙwaso ya taɓa shi. Ya taɓa, tara suka zame. An gudu ba a tsira ba.

Asabar, 8 ga Maris
Na je gida. Wata uku rabona, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Kunya.

Baba ya ɗora gilashinsa mai karyayyen hannu, ya bi shafin tsohon littafinsa da yatsa, sai ya fashe da dariya. "Uwata, ba ki duba kwanan watan ba?"

Ranar haihuwata ce.

Ya ce ƙarfen kwana uku yake so a wuta kafin ya gauraye sosai. Ya yi kwana ɗaya aka aiko Umma tana kan gwiwa. Ba a barin tanderu ba mai tsaro, sai ya kashe, ya isa asibiti da safar aiki a hannu. Daga baya ya auna shi a haka, kunya ta hana shi rubuta dalili. "Ɗanye ne. Goge shi, 'yar nan."

Umma daga kicin: "Ki ji, sai da ya tsaya kashe wuta tukuna!"

Na yi dariya, amma a mota kuka na yi. Ban taɓa sanin ya bar aiki saboda ni ba.

Talata, 11 ga Maris
Na sa nauyin ɗigon sifili a lissafin. Manhajar ba ta lissafa shi, layi ya zauna daram, amma ɗigon yana nan a zanen, can ƙasa shi kaɗai. Na rubuta dalili a gindinsa. Farfesa ta karanta, ta sa hannu.

Na tashi daga aiki ƙarfe huɗu, wani lissafin da na sa wa manhajar bai ma gama ba. Ba wani abu ba ne, gilashin Baba ke son gyara.