Makarantar Kawu Ta Ƙi Bahauddeen

Dapaong, Nuwamba 1992

Kawu Malam Idrisu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna Gwamma da mutanen unguwarku Kpangalam. Muna lafiya, sai yajin aikin nan da ya kashe kasuwa.

Kawu, ƙanena Bahauddeen ya aiko cewa makarantarku ta ƙi ɗaukarsa, alhali babu wanda ya kamo shi a jarrabawar nahawu. Tun rasuwar Baba ba shi da buri sai karatu a gabanka. Don Allah me ya faru?

'Yarka, Raliya

Sokodé, Disamba 1992

'Yata Raliya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina.

Gaskiya ne, ya fi kowa. Amma wani ɗalibi ɗan garin Gando ya gaya wa malamai cewa abin da ke tsakanin Bahauddeen da abokinsa Mudathir ya wuce abota. Na ce wa Bahauddeen ya rantse a gabansu magana ta mutu. Sai ya ce, "Kawu, zan rantse ban aikata komai ba. Amma abin da ke zuciyata, ba zan yi wa Allah ƙarya a kansa ba."

Na tunatar da su cewa shari'a ba ta hukunta zuciya. Suka ce ɗakin kwana ɗaya ne, iyaye za su kwashe 'ya'yansu. Na bi bayansu. Jiya ya bar gidana, ya ce gida Dapaong zai nufa.

Wassalam, Idrisu

Dapaong, Janairu 1993

Kawu,

Ina gaisuwa. Bai iso ba. Kullum ina tasha, direbobi sun gaji da ni. Ka san jandarma sun datse hanya ko'ina, ka bar shi ya fita? Makaranta ta malamai ce, na ji. Gidan fa, ba naka ba ne? Da ya rantse a kan ƙarya, da yanzu yana gabanka yana karatu.

Ka huta lafiya. Raliya

Sokodé, Fabrairu 1993

Raliya,

Salamu alaiki. Wani mahauci ya gan shi ya hau motar Lomé, babban birni, ba ta arewa wajenku ba, kafin a fara harbi a can. Masu gudowa suna ta sauka a tasharmu. Nakan tsaya in duba fuskokinsu har motar ƙarshe ta watse. Ban iya komawa darasi ba.

In ya riga zuwa wajenki, kada ki tambaye shi komai. Ki ba shi abinci.

Kawunki, Idrisu