Jinin Habibu yana daskarewa

Yaya Salisu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya zaman Kwatano? Ya iyali? Mu nan Gaya, da Inna da yara, lafiya lau.

Albishirinka. Ka san tun da jinin kaciya ya ƙi tsayawa na rasa ɗana Isa, ban yarda wanzami ya taɓa ƙanensa Habibu ba. To, na daure na kai shi asibiti aka auna jininsa. Likita ya ce ƙwayoyin jinin sun cika, kuma yana daskarewa daidai, ba irin na Isa ba. Da Inna ta ji, zama ta yi a ƙasa, tana kuka tana dariya.

Bayan Sallah za a yi masa, a asibiti. Ka sa mu a addu'a, ka gaida mutanen gida. Habibu ya ce kawunsa ne zai riƙe masa hannu, sai ka shirya.

Ƙanwarka,
Hadiza