Lomar Tsohuwa da Tawa

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna, ya yara? Ni lafiya lau, kada ki damu.

Sai dai ƙibar da na sha wuya na rage ta dawo. Tsohuwar da nake jinya ba ta cin abinci sai na ci tare da ita. Duk lomarta ina rubuta wa 'yarta, amma tawa na daina rubutawa don kunya. Jiya likita ya ce sukarina ya hau, sai na tuna yadda Baba ya ƙare.

Yau na sake fara rubuta tawa lomar, ba don raina ya so ba. Don Allah ki riƙa tambayata me na ci. In na ce "ba komai," kada ki yarda.

Allah ya bar mu tare.

Ƙanwarki